Birin fim da zakin fim, ba hanya ɗaya aka bi aka yi su ba

A gidajen kallo na ƙauyukanmu, daga Gezawa har Maigatari, da wuya a saka fim mai zaki ko gwaggon biri a tashi ba a yi musu ba. Wani ya ce dabbar gaske ce aka horar. Wani ya ce ina, mutum ne aka sa wa riga mai ɗigo-ɗigo, kwamfuta ta juya shi ya koma dabba. Mai tura fina-finai a waya, da yake ya ga 'yan bidiyoyin bayan fage, shi yakan raba gardama ya ce duk mutane ne. Maganarsa ta yi daidai a kan biri. A kan zaki da damisa da doki kuwa yawanci ba haka abin yake ba, kuma dalilin yana cikin ƙashin dabbar.

Mu fara leƙa zauren naɗar motsi, wato inda ake ɗaukar motsin ɗan wasa a zuba shi cikin kwamfuta. Fili ne mai faɗi a rufe, an kewaye shi da kyamarori daga sama, wani wurin 30, wani ya haura 100. Kowace kyamara tana da zoben ƙananan fitilu masu fitar da hasken infirared, wanda idon mutum ba ya gani. Ɗan wasa zai sa matsattsiyar riga, a manna masa ƙananan ƙwallaye masu mayar da haske wajen 50, kowane bai wuce ƙwayar gurjiya ba, a kan kafaɗa, gwiwar hannu, wuyan hannu, ƙugu, gwiwa, idon sawu, dunduniya da yatsun ƙafa. Kyamarorin ba ruwansu da fuskarsa ko launin rigarsa, fararen ɗigo kawai suke gani a cikin baƙi. Idan kyamara biyu, gara ma uku, suka hango ɗigo ɗaya daga kusurwa daban-daban, kwamfuta za ta lissafa ainihin inda yake. Galibi sau 120 take yin wannan lissafi a daƙiƙa ɗaya, alhali shi fim hoto 24 ne a daƙiƙa.

Kowace safiya kafin a fara, sai wani ya zagaye zauren yana kaɗa wata sanda mai ƙwallaye da aka san tazarar da ke tsakaninsu daidai, domin kowace kyamara ta san inda take. Ko tuntuɓe wani ya yi da ƙafar kyamara ɗaya ta gusa, sai an sake. Daga nan ɗan wasan ya tsaya cak ya ware hannuwa, sannan ya juya kowace gaɓa iyakar juyawarta, a daidaita ƙwarangwal ɗin da ke cikin kwamfuta da tsawon ƙasusuwansa.

Abin da ke lalacewa a nan sananne ne. Mutum biyu suka rungumi juna ko suka kama kokawa, ƙwallayen ƙirji sun ɓuya, motsin ya yanke. Hannu biyu suka gitta, kwamfuta ta ɗauki ɗigon hagu a na dama, sai ka ga hannun ƙwarangwal ya karye ya leƙa ta baya. Riga ta zame a kan fata, gwiwa ta koma inda ba gwiwa. Agogo, tabarau, kwalbar ruwa, duk abin da ke ƙyalli yana haifar da ɗigon ƙarya. Shi ya sa akwai ma'aikatan da aikinsu ke nan, bin motsi hoto bayan hoto suna cike gurbi suna mayar da kowane ɗigo mazauninsa. Rana ma abokiyar gaba ce, domin haskenta cike yake da infirared, yana makantar da kyamarorin. Wannan ne ya tsare aikin a cikin ɗaki shekaru da yawa, har kamfanin Weta na birnin Wellington a ƙasar Niyu Zilan ya fito da shi fili a fim ɗin Rise of the Planet of the Apes na 2011. Maimakon ƙwallaye masu jiran haske, sai suka ɗinka wa rigar ƙananan fitilu masu fitar da nasu hasken, wanda kyamara ke iya tsinta ko da rana tsaka.

Fuska aikinta daban. Lokacin da ɗan wasa Andy Serkis ya fito a matsayin Gollum, wata halitta ta kwamfuta a fim ɗin The Lord of the Rings, a 2002, jikinsa aka naɗa, fuskar kuwa masu ɗora motsi ne, wato masu motsa halitta a kwamfuta, suka gina da hannu suna kallon bidiyonsa. A King Kong na 2005, inda ya fito a matsayin gwaggon biri, an manna masa ɗigo fiye da 100 a fuska. Daga Avatar na 2009 aka koma ga hular kwano mai 'yar kyamara a gaban fuska, ana zana wa ɗan wasa ɗigo da alƙalamin kwalliya ta cikin wani abin rufe fuska mai huda-huda da aka zuba daidai fuskarsa, don ɗigon yau ya sauka inda na jiya ya sauka. Kwamfuta tana karanta motsin ne bisa tsarin da Paul Ekman da Wallace Friesen suka fitar a 1978, wanda ya rarraba motsin fuska gida-gida: ɗaga cikin gira, tattare hanci, jan gefen leɓe, da sauransu. Ga kowane ɗaya an riga an sassaƙa irinsa a fuskar birin.

To me ya sa wannan hanya ta karɓi biri? Saboda ƙirarsa kusa take da tamu. Yana da hannu mai yatsu biyar, kafaɗa mai juyawa, fuska mai tsokoki kusan irin namu. Amma ko a nan ba a ɗora motsin mutum kai tsaye. Hannun cimfanzi ya fi ƙafarsa tsawo, mu kuma akasin haka. Idan aka zuba motsin yadda yake, hannun birin zai nutse cikin ƙasa, ƙafarsa kuma ta riƙa zamewa don takun mutum ya fi nata faɗi. Don haka ake ba 'yan wasa wasu gajerun sanduna su riƙe su ƙara tsawon hannu, su yi makonni suna koyon tafiya da ƙafa huɗu a hannun mai horarwa irin Terry Notary. Shi kansa Serkis sai da ya je Ruwanda ya zauna yana kallon gwaggon biri a daji kafin King Kong. Bayan duk wannan, yatsun ƙafa masu kama reshe, da dogon bakin biri, da leɓensa mai turowa waje, hannun masu ɗora motsi ne ke ƙarasa su. Har ido aka taɓa: na cimfanzin gaske duhu ne kusan duka, na birran fim kuwa an haskaka shi don mai kallo ya gane inda suke duba.

Yanzu kawo doki. Duk wanda ya taɓa wanke doki ko ya ɗaure masa ƙafa a turke ya san gaɓoɓin, ko da bai taɓa gwada su da nasa ba. Abin da muke kira gwiwar gaba a jikin doki, a jikin mutum wuyan hannu ne. Gaɓar nan ta ƙafar baya mai lanƙwasa ta baya, idon sawu ce. Ainihin gwiwarsa tana can sama kusa da ciki. Kofato kuwa farcen yatsa ɗaya ne, wato doki a kan ɗan yatsa guda yake tsaye a kowace ƙafa. Kare da kyanwa da zaki a kan yatsu suke taka ƙasa, dunduniyarsu a sama. Doki ba shi da ƙashin nan da ya haɗa kafaɗar mutum da ƙirji, allon kafaɗarsa tsoka ce ke riƙe da shi, yana zamewa gaba da baya a kan haƙarƙari, kuma wajen kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba yake. Mutum ko ya kai wa iya rarrafe, nauyinsa a ƙugu yake, ƙashin bayansa ba ya naɗewa ya miƙe yadda na damisa ke yi a guje, ba shi da jela, ba ya juya kunne. Ka naɗi motsinsa ka ɗora wa zaki, abin da za ka samu shi ne zaki mai rarrafen mutum, kuma yaro ɗan shekara bakwai da ke kiwon awaki zai gane.

Wannan ne ya sa manyan fina-finan dabbobi masu ƙafa huɗu da hannu ake yin su. The Lion King na 2019, wanda kamfanin MPC na Landan ya yi wa darakta Jon Favreau, ba a naɗi motsin kowa an ɗora wa zaki ba. Ma'aikata sun je Kenya sun ɗauko hotunan dabbobi da ƙasa da sararin sama, masu ɗora motsi suka zauna suna gina kowane taku. A duk fim ɗin hoto ɗaya ne kawai na gaske, fitowar ranar da aka buɗe da ita. A The Jungle Book na 2016, yaron nan Neel Sethi a cikin sitidiyo yake a Los Anjalis, gabansa masu riƙe da 'yan tsana ne don ya san inda zai duba da abin da zai taɓa. A The Call of the Wild na 2020, Terry Notary ya sa riga ya yi rarrafe a madadin kare, jarumin fim ɗin Harrison Ford ya samu wanda zai shafa wa kai, amma karen da aka gani masu ɗora motsi ne suka yi shi. Dabbobin da suka yi tsalle daga mota a fim ɗin Indiya RRR na 2022 su ma duk na kwamfuta ne. Ana dai sa wa doki ko kare na gaske ƙwallaye a naɗi tafiyarsa, kuma yana amfani ga taron mahaya a fagen yaƙi. Sai dai doki ba zai yi maka baƙin ciki a kan umarni ba, zaki kuma babu mai matsowa ya manna masa komai.

Ita dabbar kanta hawa-hawa ake gina ta, daga ciki zuwa waje. Da farko ƙwarangwal, ana kwaikwayon na gaske ƙashi bayan ƙashi. A sa masa maɓallan sarrafawa, ɗaruruwa, ta yadda mai ɗora motsi zai ja dagi ɗaya sauran ƙafar ta biyo. Shi mai ɗora motsi yana tsayar da dabbar a muhimman matsayi ne, misali hoto na 1 dagi ya taɓa ƙasa, hoto na 7 nauyi ya sauka a kansa, kwamfuta ta cike tsakani, shi kuma ya dawo ya gyara abin da ta cike, don nata cikon santsi ne da shi, babu rai. Daƙiƙa kaɗan yake gamawa a mako. A kan ƙashi sai tsoka, mai kumbura idan ta ja, mai saki idan ta huta. A kan tsoka sai kitse da fata, waɗanda ba sa tsayawa lokacin da ƙashi ya tsaya. Dubi bijimi a kasuwar Wudil idan ya ja birki: ƙafa ta tsaya, tozo ya ƙara gaba kaɗan ya dawo, fatar wuya ta yi reto sau biyu ko uku kafin ta natsu. Wannan ɗan jinkirin shi ne ke gaya wa ido cewa dabba tana da nauyi. Inda aka yi rowarsa, giwa ma sai ta zama abar roba.

Gashi shi ne mai cin kuɗi. Damisar Life of Pi na 2012 gashi kusan miliyan 10 ne a jikinta. Ba ɗaya-ɗaya ake dasa su ba. Mai gyaran gashi yana shimfiɗa wasu dubbai a matsayin jagora, ya nuna tsawo da inda kowane yanki ya kwanta, kwamfuta ta cike tsakaninsu. Kuskuren sabon hannu shi ne tsabta. Dabbar daji ba ta fito daga wanka ba, gashinta a cure yake tuli-tuli, akwai ƙaiƙayi da busasshiyar laka, akwai tabon tsohon ciwo inda gashi bai sake fitowa ba. Ruwa ya taɓa shi kuma lissafi ya sake, domin jiƙaƙƙen gashi yana haɗewa ya yi duhu ya kwanta, fata ta bayyana.

Sai haske, wanda a ganina shi ke tona asirin rabin dabbobin da ba su yi kyau ba. A wurin ɗaukar fim, bayan an gama da 'yan wasa, ana sake ɗaukar wurin babu kowa, domin a samu abin da za a cike gurbi da shi idan an goge mai rigar ɗigo. Sannan wani ya shigo da ƙwallo biyu a kan sanda, ɗaya mai sheƙi yana nuna duk inda haske ke fitowa, ɗaya ruwan toka yana nuna ƙarfinsa da laushin inuwa. A ɗauki hoton wurin ta kowace fuska, a rubuta irin gilashin kyamara da tsayinta daga ƙasa. Da waɗannan ake kunna wa dabbar rana irin ta wurin. Mu da muka san bambancin rana ta bazara da ta lokacin hazo ba ma buƙatar dogon bayani: a bazara inuwa baƙa ce mai kaifin baki, a hunturu ƙura ta tace hasken, inuwa ta yi laushi, abin da ke nesa ya yi fari-fari. Ka sa zaki mai inuwar bazara a filin hazo, ko wanda bai san dalili ba zai ji wani abu bai zauna ba. Wurin da ya fi saurin fallasa aiki shi ne inda ƙafa ta haɗu da ƙasa. Dole a ga 'yar baƙar inuwa a ƙarƙashin dagi, ciyawa ta kwanta, ƙura ta tashi, sawu ya rage a baya.

Fitar da hoton ƙarshe kuma lissafi ne mai nauyi. A ce hoto ɗaya mai zaki da gezarsa zai ci awa 10 a kwamfuta ɗaya. Daƙiƙa 5 hoto 120 ne, awa 1,200 ke nan, kwana 50 ba kashewa. Fim mai awa biyu hoto 172,800 ne. Shi ya sa kamfanonin ke tara kwamfutoci dubbai a ɗaki guda suna raba musu aikin. Kuma abin takaici, masu wannan wahala su ne ba a sani ba. Kamfanin Rhythm & Hues da ya yi damisar Life of Pi ya shigar da takardar karyewar jari a watan Fabrairun 2013, a cikin watan kuma aikin nasa ya ci kyautar Oscar. Ana yaba ɗan wasan da ya sa riga, kuma ya cancanta, amma sunayen ɗaruruwan da suka ƙarasa aikin sai a ƙarshen fim, lokacin da mai gidan kallo ya riga ya kashe janareta.

Akwai matsala ɗaya da kuɗi ba ya magancewa, ita ce magana. Fuskar zaki ba a yi ta don murmushi ko ɗaga gira ba, bakinsa kuma ba ya haɗa leɓe yadda harafin "m" da "b" ke so. Idan ka bar shi zaki sak, zai yi maganar mutuwar ubansa da fuskar da ba ta motsa ba, kuma abin da mutane da yawa suka yi ƙorafi a kai ke nan a fim ɗin 2019. Idan ka ba shi girar mutum, ya tashi daga zaki. Ni dai ina ganin amsar tana wajen makiyaya. Bafulatani ba ya duba girar saniya ya san ranta a ɓace yake, kunne yake duba, da jela, da yadda ta sunkuyar da kai, da numfashi. Dabbobin fim da suka fi shiga rai su ne waɗanda aka bar jikinsu ya yi maganar, kamar damisar nan ta cikin kwalekwale a Life of Pi da ba ta ce uffan ba har fim ya ƙare.

Matashin da ke son koyon wannan aiki a Gumel ko Ringim ba rigar naɗar motsi yake buƙata ba. Akwai masu sauƙin kuɗi, masu ƙananan na'urori 17 irin wadda ke gaya wa waya an juya ta, amma ƙarfe yana ruɗa su, rodin siminti da kwanon rufi da janareta duk suna sa ƙafa ta riƙa gocewa, kuma motsin mutum dai za su ba ka. Abin da ake buƙata shi ne waya, da kwamfutar cinya, da manhajar Blender wadda kyauta ce, da dabba. Dabba kuwa ga ta a ƙofar gida, abin da ma'aikatan Landan ke hawa jirgi su je nema.

Ka nemi izinin mai jaki ko mai doki. Da hantsi, ka samu fili shimfiɗaɗɗe, ka jera duwatsu a layi, mita ɗaya tsakanin kowane biyu. Ka kafa waya a kan abin da ba ya motsi, daidai tsayin ƙirjin dabbar, nisan mita 8 zuwa 10, ta gefe sak. Ka sa ta a hoto 60 a daƙiƙa. Kada ka bi dabbar da wayar, bar ta ta shigo ta fita. A ja ta ta wuce sau da yawa, sannan ka ɗauka ta gaba da ta baya, don ta nan ne ake ganin yadda ƙugu ke faɗawa gefen ƙafar da ta tashi.

Ka zuba bidiyon a Blender ka bi shi hoto-hoto da takarda a hannu. A tafiya za ka ga taku huɗu a jere: bayan hagu, gaban hagu, bayan dama, gaban dama, kai yana sauka yana tashi tare da ƙafafun gaba. A sassarfa taku biyu ne, gaban hagu da bayan dama tare, kai kuma kusan a tsaye. A sukuwa akwai lokacin da duk kofato huɗu ke sama, kuma lokacin ƙafafun a tattare suke a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba, abin da Eadweard Muybridge ya nuna da jerin kyamarori 12 a Kalifoniya a 1878. Raƙumi dabam yake, ƙafa biyu na gefe ɗaya yake ɗagawa kusan tare, shi ya sa yake rangaji, tafinsa kuma yana bajewa a kan rairayi idan nauyi ya hau. Zabo da kaza kansu tsayawa yake a wuri ɗaya jiki ya iso shi, sannan ya harba gaba.

Kada ka taɓa gashi tukuna, zai dafa maka kwamfuta ya shanye batirin sola a banza. Yi aiki da dabba ruwan toka marar ado. Fara da ƙugu da ƙirji, ƙafafu su biyo, jela da kunne a ƙarshe, kuma su riƙa makara da hoto biyu ko uku a bayan jiki. Kofaton da ya taka ƙasa ka kulle shi a wurin har ya tashi, ka gwada da duwatsun nan naka, idan ya gusa ko kaɗan to saurin jiki bai dace da faɗin taku ba. Kada hagu da dama su zama daidai wa daida, dabba mai rai ba ta maimaita taku sak.

Idan tafiya ta zauna, sai ka koma kwanciya da tashi, nan ne nauyi ke fitowa fili. Saniya da baya take fara tashi, ta tsaya a kan gwiwoyin gaba, ta ɗan dakata, sannan ta miƙe ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Doki da gaba yake farawa, ya miƙa ƙafafun gaba, ya wurga wuya, ya tunkuɗo da na baya a yunƙuri guda. Ka ƙirga hoto nawa wannan dakatawar ta saniya ta ci a bidiyonka, ka ba ta su cif, domin sabon hannu yakan gajarta ta, sai bijimi mai kilo 400 ya miƙe da saurin ɗan akuya.